Masu Gyaran Ganuwar Kandawa

Ranar wata Laraba, farkon damina, Sarkin Kandawa Nomau ya ba Sarkin Gurzau garin Tudun Tama. An yi yayyafi da safe, rana ta fito da hantsi, kasuwa ta ci kamar kullum. Ko kibiya ɗaya ba a harba ba.

Ina cikin fada ran nan. Sunana Zakari, ni na koya wa Nomau karatu tun yana yaro mai ɓoye allo a bayan rumbu, shi ya sa aka bar mini buzu a gindin ginshiƙi na ƙarshe, kusa da inda ake tuɓe takalma. Ba ni da sarauta. A fadar Kandawa kuwa magana rawani take bi: Waziri ya fara, Galadima ya bi, sai Madawaki, haka har ƙasa. Wanda ba a naɗa ba sai ya jira abin da ya rage, in Sarki bai tashi ba. Yawanci ya tashi.

Sarkin Gurzau, Kure, ba baƙo ba ne a kunnenmu. Can baya ya ci Bangi, ya ce 'yan fashi ne ke ɓuya a cikinta. Muka ce Bangi nesa take, kuma dama mutanenta ba su iya gaisuwa ba. Ya ci Rafin Gora, ya ce shanunsa ba su da mashaya. Muka aika masa da barka da riga. Yanzu ga jakadansa a gabanmu, wani siririn dattijo mai taushin murya, Ilu, ya durƙusa ya zuba ƙasa a ka fiye da yadda namu bayin suke zubawa.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ƙanenka Kure yana gaisuwa, gaisuwar ƙane ga wa. Ya ce a faɗa maka ba ya kwaɗayin ƙasar kowa. Sai dai mutanen Tudun Tama jininsa ne. Daga Gurzau kakanninsu suka taso. A dubi fuskokinsu, tsagen da ke kumatunsu shi ne a nawa kumatun. Ya ce ba ya jin daɗin abinci alhali danginsa suna zaune a inuwar wani, ko da inuwar adali ce irinka. A mayar masa da su, shi kuma ya dafa Alƙur'ani: bayan wannan ba shi da sauran buƙata a duniya."

Gaskiya ne tsagen ɗaya ne, ba ka bambance Bagurje da mutumin Tudu a fuska. Amma in tsage ne hujja, rabin kasuwarmu na wani ne.

Tudun Tama garin maƙera ne a kan dutse, gabas da birni. A can ake haƙo tama a narke ta. Duk kan mashin da ke Kandawa, duk bakin kibiya, duk linzami, daga wutarsu ya fito. Mai garin, Sarkin Maƙera Arzika, wan matata Kuluwa ne. Ya zo birni da ƙafarsa don a ji ta bakinsa, amma Ilu ya roƙi alfarma kada a shigo da shi, wai ganinsa zai ɗaga hankalin zance. Aka bar shi a soron waje tare da masu ƙarar awaki.

Waziri Bagudu ya gyara murya. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba matsoraci ba ne. Yana saurayi ya binne 'yan'uwansa da hannunsa a fagen fama, tun daga nan kuma duk inda ya duba kaburburan nan yake gani.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, uban talakawa, dawakin Kure sun fi namu. An yi shuka, maza suna gona. In muka buga kugen yaƙi yau, wa zai yi noman farko? Yaƙi ya ci samari, yunwa ta ci sauran. Gari ɗaya ne, a kan dutse, bai taɓa kawo mana damin gero ba. Mutum ya nemi danginsa, ya kuma yi rantsuwa. Na zauna da Kure, na ci abinci da shi, na kalli ƙwayar idonsa. Mutum ne da ake iya magana da shi."

Galadima ya ce abin da Waziri ya faɗa shi ne a bakinsa. Kullum shi ne a bakinsa.

Madawaki Cindo, shugaban mayaƙa, bai iya jera magana ba, sai dai ya jefa ta. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Waziri ya ce dawakinsa sun fi namu. Haka ne, bana sun fi namu kaɗan. To baɗi fa? Ƙarfen Tudu yana hannunsa, mu da me za mu ƙera kibiya, da kara? Ya rantse a Bangi. Ya rantse a Rafin Gora. Mutumin nan ya dafa Alƙur'ani har bangon ya san tafinsa."

Waziri ya ce, "Madawaki yana son yaƙi don ba a yi masa kiɗa sai an fita."

"Waziri kuma yana son lafiya don gidansa a yamma da birni yake."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi da rabin baki. Ilu ma ya yi, ya sunkuyar da kai.

Sarki ya daɗe shiru. Na san shirun nan, shi yake yi tun yana yaro in ya san amsa amma ba ya son ta. Nomau mai tausayi ne, kuma na karanta labarin sarakuna da yawa, na Rum da na Farisa da na kusa, ban ga inda tausayi ya zo wa talakawa da araha ba. Ya ce, "Ba zan sa mata takaba saboda dutse ba. A ba shi."

Ya tashi. Ba a kai kaina ba.

Shamaki, mai kula da ƙofofin fada, shi aka aika ya gaya wa Arzika. Da yamma Arzika ya biyo gidana. Kuluwa ta kawo masa ruwa, ta durƙusa.

"Yaya, me suka ce?"

"Kulu, an sayar da mu, ko tayi ba a bari mun ji ba." Ya dube ni. "Malam, kai da kake ciki, ka ce musu wani abu?"

Na ce ba a kai kaina ba.

Ya ce, "To, madalla. Mu ma ba a kai kanmu ba." Ya kurɓi ruwan ya ajiye, ya ce da ƙanwarsa ta riƙe zumunci, ya kama hanya tun rana ba ta faɗi ba.

A birni kuwa biki aka yi. Mata suka yi ta guɗa a ƙofar Waziri, maroƙa suka sa masa suna Bagudu ruwan sanyi. Na ga tsofaffi suna kuka don murna, 'ya'yansu ba za su tafi yaƙi ba. Ban ga laifinsu ba a lokacin, yanzu ma ba nasu nake gani ba.

Kafin gero ya kai gwiwa Kure ya rufe hanyar Tudu, wai saboda 'yan fashi. Babu mai shiga, babu mai fita. Amma hayaƙi ba a tsare shi. Daga ganuwar gabas ana hango hayaƙin matoyar tama yana tashi ba yankewa, ya ninka na da. Madawaki ya tambaya a fada me ake ƙerawa haka.

Waziri ya ce, "Garma da fartanya. Jakada Ilu ya tabbatar mini Kure ya koma noma."

Madawaki ya ce, "To Allah ya sa ba mu ne gonar ba."

Cikin kwanakin nan zumar da ke cikin kukar Ƙofar Gabas tun zamanin kakan Sarki ta tashi gaba ɗaya, ta bi ta kan birni ta yi yamma. Aka kira masu duba. Suka zana ƙasa, suka dubi fuskar Waziri, suka ce alama ce harbi ya bar Kandawa.

Kuluwa ta koma hawa soro da yamma tana kallon hayaƙin nan. Ta ce ta san wutar gidansu a cikinsa. Ban yi mata gardama ba, ko da yake gardama sana'ata ce. Da marka ta kankama zazzaɓi ya kama ta, ta daina cin abinci, ta riƙa kiran sunayen ƙannenta ɗaya bayan ɗaya kamar tana raba musu tuwo. Ta rasu ana ruwa. Muka kai ta ba jininta ko ɗaya a cikin masu sallah. Sarki ya aiko da likkafani mai kyau.

Na sami wani falke mai kanwa da ke bin hanyar daji, na ba shi saƙo zuwa Tudu. Da ya dawo ya ce Arzika ya ji, ya yi kuka a gaban maƙerarsa, ya ce a gaya mini: duk ranar da hanya ta buɗe, duk mutumin Tudu da ya taka Kandawa, ƙafarsa ta farko gidana. Ban yi mamaki ba. Haka suke. Tun Kuluwa tana raye, ko mai tallan allura ne ya zo daga can, ba ya kwance kaya sai ya zo ya gai da 'yar gidan Sarkin Maƙera.

Ruwa ya ɗauke, aka yi girbi, lokacin gyaran ganuwa ya zo. A Kandawa ganuwa rabe take. Kowace unguwa da kowane gari na ƙasar yana da rabonsa, daga nan zuwa can, tun kafuwar birni. Kaka ta yi, kowa ya zo da mutanensa ya kwaɓa ƙasa ya ɗora abin da damina ta ci. Kuma ba a taɓa rabon wani. Wanda ya gyara rabon wani, ko dai ya ce shi baransa ne, ko ya ce mai rabon ya mutu ba magaji. An taɓa fasa kai a kan taku biyu na bango.

Rabon Tudun Tama shi ne daga Ƙofar Gabas zuwa bakin rafi, inda ruwa ya fi ci. A daminar nan ya zube har akuya tana hawa ta sauka waje. Kowa ya gama nasa, ganuwa ta tashi sabuwa kewaye da birni, sai wannan giɓin kamar bakin tsoho.

Madawaki ya kawo maganar fada. "Allah ya ba ka nasara, a ba ni izini gobe in sa mayaƙana su toshe shi."

Galadima, wanda ranar ya sami magana tasa ta kansa, ya ce, "Mayaƙan Sarki su zama barorin maƙera? Ina aka taɓa yi?"

"To a raba wa unguwanni."

Masu unguwanni suka dubi ƙasa. Wani ya ce shi kakansa bai taɓa ɗora tubali a gabas ba, ba kuwa a kansa za a fara ba.

Waziri ya ce, "Akwai abin da ya fi wannan, ranka ya daɗe. In muka tashi muna ta gini a fuskar da ke kallon Gurzau, me Kure zai ce? Zai ce ba mu yarda da rantsuwarsa ba. Mutum mai zuciya ne, kada mu ba shi dalili."

Madawaki ya ce, "Wato mu bar ƙofa buɗe kada ɓarawo ya ji haushi."

"Ka iya bakinka, Madawaki. Aminin Sarki kake kira ɓarawo."

Aka tashi ba a yanke ba. Aka sake zama, aka sake tashi. Ana cikin haka sai ga Ilu ya dawo, da dawaki na kyauta da murmushinsa.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ƙanenka ya ji labarin ganuwa, abin ya dame shi ƙwarai. Ya ce wanda ya gaji gari ya gaji nauyinsa. Tudun Tama tana da rabo a bangonka tun kaka da kakanni, shi kuwa ba zai zama sanadin karya al'ada ba. Ya ba mutanen Tudu izini su zo su gyara rabonsu kamar kullum, da abincinsu da kayan aikinsu. Abu ɗaya ya roƙa. Talakawa ne, kuma zukatansu a tsorace suke, suna ganin kamar ana fushi da su a nan. Kada su zo su tarar da masu a kansu."

Ban taɓa ganin fada ta yi farin ciki haka ba. An tsare al'ada, ba wanda ya zama baran wani, ba a ɓata wa Kure rai ba, ganuwa kuma za ta tashi ba da gumin kowa ba. Waziri ya dubi Madawaki ya ce, "Ga ɓarawonka nan zai gina maka bango."

Madawaki ya ce, "Ranka ya daɗe, su zo, amma ina tsaye a kansu da 'yan bakana."

Sarki ya ce, "Cindo, ka gaji. Tun damina ba ka huta ba, mu ma ba ka bar mu mun huta ba. Ana kukan mahara a iyakar arewa. Ka ɗauki dawakinka ka je ka duba, in an gama ginin ka dawo."

Madawaki ya faɗi ya yi gaisuwa. Da zai fita ya tsaya sa takalmi kusa da buzuna, ya ce a hankali, "Malam, kai ka koya masa karatu?"

Na ce ni ne.

"Da ka bar shi a bayan rumbun."

Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ba ganuwa ce a raina ba. Surukaina za su zo. Na sa aka share zaure, aka shimfiɗa tabarmi har waje, na sayi goro, na sa maƙwabciya ta dama fura a babbar ƙwarya. Na fito da 'yan kayan Kuluwa da za a mayar wa danginta, na ɗaure su wuri ɗaya.

Suka shigo da hantsi ta Ƙofar Gabas, maza zalla, da yawa, fiye da yadda Tudu ta saba aikowa. Kowa da tsagensa a kumatu, da sangwamin haƙa ƙasa a kafaɗa, wasu kuma biyu-biyu suna ɗauke da dogayen dammunan ciyawar da ake kwaɓa ƙasa da ita. Mutanen birni suka fito suna yi musu sannu da zuwa. Ni ban fita ba. Mai zaman makoki ba ya zuwa neman masu gaisuwa. Na zauna a zaure na fuskanci ƙofa.

Rana ta take, ta karkata, ta faɗi. Fura ta yi tsami.

Na ce gajiyar hanya ce. Washegari na sa aka dama wata. Duk takun da na ji a waje sai in gyara zama. Mai ruwa ne, ko maƙwabci. Na fara jin haushi, irin haushin da na iya. Na ce wato Arzika ya ɗora mini laifin fada, ya hana su zuwa. Na shirya maganganun da zan gaya masa, masu kaifi, na jera su, na sake jerawa. Amma da na ƙara kwana a kan abin sai haushin ya ƙi zama. Arzika yana iya fushi da ni. Ba ya iya fushi da gawar ƙanwarsa. Ko shi ya yi, ina ƙannenta? Ina yaran da ta goya, waɗanda yanzu su ne majiya ƙarfin garin? Gari guda ba ya manta gaisuwar mutuwa.

Na ɗauki sandata na tafi bakin aikin.

Abin da na fara gani, giɓin ya ƙaru. Sun rushe bangon hagu da dama, sun tura ƙasar cikin ramin da ya kewaye ganuwa har ya cike ya zama hanya. Ba tubali ko ɗaya da aka ɗora. Dammunan ciyawa suna jere a inuwa, ba a kwance ko guda ba, mutum biyu suna zaune a kansu. Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Na yi aure a Tudu tun gemuna yana baƙi, na je suna, na je biki, na je jana'iza. Ban ga wanda na sani ba.

Na tambayi babbansu, aka nuna mini wani ƙaƙƙarfa mai faɗin kafaɗa.

"Sannunku da aiki, samari."

"Yauwa, Baba, sannu."

"Na ga kuna rushewa, ba ku ginawa."

"Tushen ne ya ruɓe, Baba. Sai mun kai ga ƙasa mai ƙarfi."

"Haka ne. Yaya Sarkin Maƙera?"

"Yana nan lafiya, yana gaishe ku."

"Ni ne mijin Kuluwa."

Ya ɗan tsaya, ya dubi na kusa da shi, ya dawo da murmushi. "Allah sarki! To yaya take? A gaishe ta da kyau."

Na ce za ta ji.

Ban san ƙafafuna suna da sauran gudu ba sai ran nan. Na isa fada ana tsakiyar zama, Shamaki ya tare ni a ƙofa.

"Malam, lafiya kake haki kamar an koro ka?"

"Shamaki, ina da magana da Sarki yanzu."

"Kowa da ka gani a nan yana da magana yanzu. Ana sallamar baƙo ne, shiga ka zauna, za a kai kanka."

"Ba ta jira."

"Malam, shekara nawa kana zaune a gindin ginshiƙin nan? Yau za ka koya mini aikina?"

Na shiga. Ana yafa wa Ilu alkyabba, zai koma gida a ranar, wai ya kai wa ubangidansa godiya. Waziri yana tsaye yana jawabi. Ya faro daga kakan Kure da kakan Nomau, ya bi ta kan zumunci da haƙƙin maƙwabtaka, ya ce 'yan baya za su tuna wannan shekara a matsayin shekarar da hankali ya rinjayi takobi. Na ɗaga hannu. Ba a ɗaga hannu a fadar Kandawa. Dogari ya harare ni. Na miƙe tsaye, na ce, "Ranka ya daɗe!"

Duk idanu suka dawo kaina. Ilu ya waiwayo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, daga nan ya ce a tausashe rana tana yi masa, ya nemi izinin kama hanya. Aka ba shi.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi wa Malam uzuri. Surukin mutanen Tudu ne, kuma yana cikin rashi. Tun rasuwar iyalinsa ba ya cikin hayyacinsa sosai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen da ke bakin ganuwa..."

Galadima ya ce, "Ba a kai kaina ba ma, balle kai!" Masu rawani suka ɗauka gaba ɗaya, kowa yana kare wurinsa a layi. Dogarai suka yi ta cewa hattara.

Sarki ya ɗaga hannu. Ya dube ni da tausayin nan nasa da ya cinye mu. Ya ce, "Malam, zauna. Ba na so ka yi magana cikin ɓacin rai a gaban jama'a, a riƙa ba da labarinka. In an yi la'asar ka same ni a ciki, ni da kai, in saurare ka har ka gama."

Dogari ya dafa kafaɗata, na zauna. Waziri ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Bai kai ƙarshe ba muka ji ƙaho daga gabas, ba irin namu ba. Sai kururuwar mata. Wani mai tsaron ƙofa ya faɗo cikin fada ba sallama, jini a rigarsa, ya ce maginan sun kwance ciyawa, takubba ne da bakuna a ciki, sun kashe masu gadin Ƙofar Gabas sun riƙe ta. Ya ce dawakin Gurzau sun fito daga kwarin rafi inda suka kwanta, suna shigowa ta giɓin, jere da yawa a lokaci guda, a kan hanyar da aka cike musu.

Waziri ya ce, "Ba zai yiwu ba. Ya rantse." Ya sake faɗa. Daga nan ya tattara rigarsa ya fita da ƙafa ya nufi gabas, wai zai nemi Ilu ya tuna masa. An ce ya kai har kasuwa yana ɗaga hannu. Wanda ya sare shi bai san ko wane ne ba.

Aka buga kuge, amma wa zai amsa? Mayaƙa suna arewa tare da Madawaki. Abin da ya rage dogarai ne da bayin fada da tsofaffin barade, sai mahauta da suka fito da wuƙaƙensu. Kibiyoyin da ke ɗakin makamai tun farkon damina ba a ƙara ko ɗaya ba. Waɗanda ke sauka a kan rufin fada kuwa sababbi ne fil, na ɗauki guda na duba, ƙirar Tudu ce, aiki mai kyau.

Aka ce wa Sarki Ƙofar Yamma a buɗe take, ya fita ya haɗu da Madawaki. Ya ƙi. Ya ce a kawo sulke. Ya ce shi ya buɗe gabas, shi zai tsaya a cikinta. Aka jawo doki tsakar gida, yana ɗaura takobi sai idonsa ya faɗo kaina a cikin masu gudu da masu kuka.

Ya ce, "Malam, ka ce kana da magana."

Na buɗe baki. Daidai nan ya sa ƙafa a likkafa, masu kakaki kuwa, waɗanda ko a wannan rana ba su manta aikinsu ba, suka busa, don ba a taɓa hawan Sarki shiru ba. Na ga yana kallon bakina. Dokin ya zabura, dogarai suka rufe bayansa.

A bakin giɓin ya faɗi, kafin la'asar. Madawaki ya iso bayan an gama, ya yi abin da zai iya a bayan gari, shi ma bai koma ba. Daga Kandawa Kure ya wuce yamma, yaƙin da aka ƙi yi a kan dutse guda ya ci ƙasashe har na daina jin sunayensu. Arzika, na ji daga baya, tun kafin maginan su taso aka ɗaure shi da manyan garinsa. Ni Kure bai taɓa ni ba. Ya tambaya ko ni wane ne, aka ce malamin Sarki ne, ya ce a bar ni, ya ga iyakar abin da malamai ke iyawa.

Maganar da na je da ita ba doguwa ba ce. Ba daga littafi na ɗauko ta ba, ba ta kai numfashi ɗaya na jawabin Waziri ba, kuma duk tsohuwar da ke Kandawa da ta ji ta da ta gane.

Ranka ya daɗe, waɗannan ba mutanen Tudu ba ne. Da su ne, da sun zo mini gaisuwar Kuluwa.